Shirun da Na Yi a Ƙofar Lise

Zuwa ga Muktar, sanyin idona, dabinon kwarinmu mai zaƙi, ruwan sanyi da ke ɓoye ƙarƙashin tudun rairayi. Gaisuwa daga wadda kewa ta hana sukuni.

Yau ƙanwarka Zaituna ta gaya mini an canza wa Babanku wurin aiki, zai bar asibitin Gure ya koma Doso, kuma ran Asabar motarku za ta tashi. Kwana huɗu! Ina zan zuba maganar wata biyar cikin kwana huɗu?

Ka tuna bayanin da malaminmu Mushe Alhasan ya haɗa mu mu yi a darasin fizik? Kai kana gaban allo, ni ina riƙe da zanen. Ka ce masana da gangan suke yi wa lu'ulu'u aibi: su cire ƙwayar karbon su bar gurbi, su dasa ƙwayar azot, wato naitirojin, a gefensa. In aka haska masa koren haske sai ya mayar da ja, kuma jan nan yana sauyawa da maganaɗisu komi ƙanƙantarsa. Ka ce mai gurbin shi ke ji, har ana fatan wata rana a saurari bugun zuciya da shi ba a taɓa ƙirji ba. Wayyo, da an matso da shi kusa da ni ranar, da asirina ya tonu gaban aji!

Da aka tashi, a ƙofar makarantarmu ta lise, ka faɗa mini abin da ke ranka. Na sunkuyar da kai, na ja mayafi, na yi shiru. Kai kuwa ka ɗauka ƙi ne, har gaisuwa ka daina. Haba Muktar! A gidanmu wadda ba ta so ita ke buɗe baki ta ce a'a. Shekara uku kana Gure, ba wanda ya gaya maka? Tun ranar nake da gurbi a zuciya, kuma ta nan nake jin takunka tun kana bayan ajinmu, kamar yadda ganyen goruba ke jin iska kafin mutane.

Ga abin da bakina ya kasa: ina son ka. Don Allah kada ka hau motar nan da amsar da ba tawa ba. Ka biyo gidanmu ran Juma'a bayan la'asar ka gaida Inna, ta san fuskarka kafin hanya ta ɗauke ka. Na riga na faɗa mata sunanka, ban mutu ba.

Taka, ko Doso ta yi nisa, ko shekaru sun yi yawa,
Bara'atu