Fa'ilu Hairu da Takardar Kuɗin Wutarmu

Assalamu alaikum Hajiya Baraka,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Maganar kuɗin wutar lantarki ce, ko in ce da haka ta faro, don yanzu ni kaina ban san sunan da zan ba ta ba. 'Yata Rumasa'u ce ke karanta mini filinki na shawara a waya, ita ce kuma ke buga wannan wasiƙa ina faɗa mata. In kin ga gargada a Hausar, tata ce. A nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta.

Ni mutuniyar Haɗeja ce, shekarata ashirin da shida a Makka, unguwar Mansur. Sana'ata tuyar masa ce da safe, lokacin aikin Hajji kuma in tafi Arfa aikin girki. Maigidana tela ne, Allah ya yi masa rasuwa a watan Muharram da ya wuce. Mutumin kirki ne, amma yana da wani hali da ya sha mini kai tsawon zamanmu: kashe wuta. Ki shiga banɗaki ki fito, kafin ki waiwaya ya kashe fitila. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda nan muke ce wa mukayyif, guda biyu gare mu, amma ɗaya kawai yake yarda a kunna, shi ma da sharaɗi. Hajiya, zafin Makka fa nake faɗa miki, wanda in kika taɓa ƙyauren ƙarfe da azahar sai kin yarfe hannu. Duk Juma'a in ya dawo daga Harami sai ya tsaya gaban mita ya leƙa, kamar mai duba marar lafiya. Wai in muka haye wata iyaka, farashin ninkawa yake yi. Har suna na raɗa masa, Malam Kashe-Kashe, kuma ba a bayan idonsa ba.

To, a jikin bangon gidan da muke haya, ta wajen lungu, akwai barrada, wato injin sanyaya ruwan sha mai famfo uku da kofuna ɗaure da sarƙa. Irin su suna da yawa a garin nan, sabil ake ce musu, kowa ya zo wucewa ya sha kyauta. Masu shara suna sha, direbobi suna sha, alhazan da suka ɓata hanya suna sha, har maguna sun san wurin saboda ɗigon da ke zuba. Ranar da aka kafa ta, shekara goma sha tara ke nan, na ga an yi rubutu da fenti a samanta, na tambayi Malam ta wane ne. Ya ce abin da aka rubuta shi ne Fa'ilu Hairu. Ni kuwa Larabcina na kasuwa ne, sai na ɗauka sunan mutum ne, kamar yadda muke da Hairu a gida. Na ƙera shi a raina tsaf: wani Balarabe attajiri mai farin gemu da ƙatuwar mota. Da Rumasa'u ta girma ta yi mini dariya, ta ce ma'anarsa wani mai aikin alheri da bai so a san shi ba. Na ce oho dai, ni Alhaji Fa'ilu Hairu na sani.

Ga abin da ke ci mini rai. Duk ranar da na dawo daga kasuwa na tsaya na sha ruwan nan mai sanyi, sai in shigo gida ina addu'a da ƙarfi: Allah ya saka wa Alhaji Fa'ilu Hairu, Allah ya shayar da shi ranar ƙishirwa. Ba don Allah kaɗai nake ɗaga murya ba, har da habaici. Sai in ɗora da cewa ga mazan ƙwarai can suna sanyaya wa duniya ruwa, nawa mijin ko fanka ya gani tana juyawa sai hawan jininsa ya tashi. Shi kuwa yana kan keken ɗinkinsa, ba ya ɗagowa. Addu'ar yake amsawa da amin, habaicin ya bar mini abina. Wannan amin ɗin tasa ta fi komai ba ni haushi.

Bayan rasuwarsa da 'yan watanni aka ƙara kuɗin wuta. Awon wutar da muke biya halala biyar, wato kobon ƙasar nan, ya koma sha takwas, ga haraji a kai, tallafin da ake ba 'yan ƙasa kuma bai shafe mu ba. Da sanyi ban ji sosai ba. Da zafi ya kankama, fatura ta zo, wato takardar kuɗin wuta, sai da na nemi wuri na zauna. Muka baje takardun bara da na bana a tabarma ni da Rumasa'u muna gwadawa. Na je gidan maƙwabciyata Hajo na ga tata: ɗakunanta kamar namu, yaranta sun fi mu yawa, amma tamu ta fi tata nauyi. Na ce lallai wani ke satar mana wuta. Har na fara zargin mutanen saman bene, Allah ya yafe mini.

Na kira Malam Rabi'u, wani dattijo ɗan Maraɗi mai gyaran wuta, aminin marigayi. Ya zo yana ta kame-kame, wai mita ce ta tsufa, wai zafi ne. Na ce ya kashe komai na gidan a gabana. Aka kashe mukayyif, aka zare firiji, ko cajar waya ba a bari ba. Mita tana ta tafiyarta. Na dube shi, ya dubi ƙasa. Can sai ya shiga ɗaki ya janye kabad ɗin da marigayi ke ajiye yadi, ga wata waya ta huda bango ta fita waje. Da hannunsa ya ja ta, in ji shi, shekara goma sha tara da suka wuce. Malam ya yi shekara biyu yana tara kuɗin barradar daga ɗinki, mai gidan hayar ya yarda ya ba da ruwa daga tankinsa, shi kuma Malam ya ɗauki nauyin wutar. Ya sa Malam Rabi'u ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba, musamman ni, don a cewarsa bakina ba ya riƙe daɗi.

Hajiya, ban yi kuka nan take ba. Na fita lungu na tsaya ina kallon barradar nan tana gurnaninta, wani mai shara yana cika gorarsa. Subhanallahi! Ashe duk fitilar da ya kashe, duk gumin da ya sha a kan keke, nan yake zuwa. Ashe da nake ganinsa yana wanke kofunan bayan la'asar, ina ce masa ɗan aikin Alhaji Fa'ilu, kayansa yake wankewa. Mutumin da nake zuba wa tuwo, nake yi wa gori, shi ne attajirin da na ƙera a raina. Shekara ashirin da tara ina aure da shi, ban san girman wanda nake zaune da shi ba. Har yau in na tuna sai in ji tsoron Allah ya kama ni, in ce su wane ne kuma a cikin mutanen da nake rainawa?

Yanzu ga inda na tsaya. Cinikin masa ba zai ɗauki wannan fatura ba. Rumasa'u ta gano akwai wani tsari da ake raba kuɗin shekara daidai kowane wata, ta ce mu koma kansa. Malam Rabi'u ya ce ko a yi wa barradar mita tata daban. Hajo, wadda ba ta san komai ba, ta ce in na gano wayar ɓarawo in datse ta kawai. Rumasa'u kuma ta ce mu gaya wa mutanen lungu a haɗa hannu, ni kuwa ina jin kamar tona masa asiri ne, abin da ya ɓoye ko daga matarsa. Na gwada yin irin nasa, na kashe mukayyif mako biyu, jiri ya kwashe ni a gaban tanda, ga ciwon suga. In na datse wayar nan, ji nake kamar na sake binne shi. In na bar ta, ban san da me zan biya ba. Kuma ta yaya ake neman gafarar wanda ba ya nan?

Taki,
Matar Malam Kashe-Kashe, Mansur, Makka

*

Wa alaikumus salam 'yar'uwata,

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ruwan nan ya tarye shi. Sau biyu na karanta wasiƙarki, a karo na biyu sai da na cire tabarau. Na daɗe a wannan fili, yawanci ɓoyayyen abin da mata ke ganowa bayan rasuwar miji ba irin wannan ba ne. Ke kin janye kabad kin tarar da alheri. Ki gode wa Allah.

Bari mu fara da lissafi, don tausayi ba ya biyan kuɗin wuta. Tsarin da Rumasa'u ta gano yana da amfani ga mai sana'a irin taki, domin zai hana watannin zafi su zo miki a dunƙule. Amma ki sani ba ragi ba ne, shimfiɗawa ce. Abin da kuka sha shi za ku biya, kuma akan daidaita bambancin daga baya. Ni ba a ƙasar nake ba, don haka ku je ofishin wuta da takardun shekara guda, ku tambayi sharuɗɗan, ku tambaya ko sai da sa hannun mai gidan hayar in mitar da sunansa take. Mita ta daban kuwa ban ga ribarta ba. Akwai kuɗin kafawa, kuma ko an raba takarda biyu, aljihu ɗaya ne zai biya.

Sannan kada ki yanke wa barradar hukunci kafin a auna ta. Malam Rabi'u ya sake kashe komai, ya bar ta ita kaɗai na awa biyu, ya ga abin da take ci. Ya yi wa kowane mukayyif haka. Ina kyautata zaton za ki tarar tsofaffin na'urorin ɗakinku sun fi ta haɗama nesa ba kusa ba. Inji mai shekara goma sha tara kuma yana bukatar a wanke masa ƙura, a duba ƙarfinsa, a yi masa 'yar rumfa in rana na dukansa. Wannan kaɗai yana rage ci.

Maganar zama cikin zafi kuwa, ki daina daga yau. Malam ya zaɓi wannan da lafiyarsa da saninsa. Ke kina da suga, kina tsayawa gaban tanda. Sadakar da za ta kwantar da ke a asibiti ba ita ya bar miki ba. Kuma zan faɗi wata gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: ke ma kin sha zafin nan shekara goma sha tara ba tare da an tambaye ki ba. Da ya shawarce ki ya fi. Ƙorafinki ba zalunci ba ne tsantsa, kuma ina fatan kina da rabo a ladan kowane kofi.

Game da sirrin, ke da Rumasa'u kowa na da gaskiyarta. Ba wajibi ba ne a kanki ki ci gaba da biya, in ya gagara babu laifi a kanki. Amma akwai hanya a tsakiya. Ba sai an ambaci sunansa ba. Malam Rabi'u ya sami limamin lungu da dattawa biyu ko uku, ya ce mai ɗaukar nauyin wutar sabil ya rasu, ana neman masu karɓa. Mutanen da suka yi shekaru suna sha ba za su rasa abin sakawa ba. Ke ma ki saka gwargwadon ƙarfinki, ko kuɗin masa biyar ne. Rubutun bango ya zauna yadda yake. Malam ya zaɓi suna mai faɗi, zai ɗauki mutum goma kamar yadda ya ɗauki ɗaya.

Saura tambayarki ta ƙarshe. Kina tuna gorin, kin manta abin da ke zuwa kafinsa. Shekara goma sha tara mutumin nan yana zaune a kan kekensa, matarsa tana shigowa da sanyin ruwansa a maƙogwaronta, tana roƙa masa Aljanna da babbar murya. Kina tsammani haushi yake ji? Ni ina ganin da gangan ya ƙi gyara miki kuskuren sunan. Bai amsa gorin ba ko sau ɗaya, addu'ar kuwa bai taɓa bari ta wuce ba.

Don haka gobe in kin dawo daga kasuwa, ki tsaya ki sha, ki shiga gida ki yi addu'ar nan da ƙarfi kamar yadda kika saba. Wannan karon ki kira shi da sunansa na gaskiya, Rumasa'u ta amsa miki da amin. Allah ya ba ki lafiya, ya buɗa miki kasuwa, ya sa barradar nan ta daɗe tana gurnani a lungunku.

Taki,
Hajiya Baraka