Ta'aziyyar Injiniya Alhaji Siddo Alfari, Mai Famfon Cire Iska

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Masu Sarrafa Karan Shinkafa ta Gaya ta samu labarin rasuwar shugabanta, Injiniya Alhaji Siddo Alfari, wanda aka tarar da gawarsa cikin motarsa a gefen hanyar Dosso ranar Talata da hantsi, yana kan hanyar Yamai domin amsa kiran kotu. Jandarmomi sun shaida wa iyalansa cewa haɗari ne. Membobinmu da suka jawo motar ba su ga inda ta bugu ba.

Marigayin ya bar aikin gwamnati ya dawo gida a lokacin da manoman Tanda da Bengou ke ƙone karan shinkafarsu bayan girbi, ya koya mana dafa shi, a niƙe ya zama kunu, a zuba shi ya bushe ya zama kwali. Iskar da ke shiga cikin kunun ta daɗe tana huda mana kwali, 'yan kasuwa na dawo da shi, har Allah ya ba shi basirar ƙera famfon da ke zuƙe ta. Da wannan famfo gidaje da dama ke ci a yau.

Bara wani kamfanin waje ya shigar da ƙara, yana cewa ƙirar tasa ce, yana da takardar mallaka. Aka yi wa Alhaji tayin ya janye ya bar musu ƙirar, ya ƙi. Aka rufe masana'antarmu da kwaɗo. Tun daga nan ya daina tafiya da kowa a motarsa, kuma bai taɓa faɗa mana dalili ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa, Hajiya Zalika, da 'ya'yansa, da Mai Girma Maigarin Tanda, yayansa. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba su juriya.

Bisa umarnin hukumar soja, ba za a yi zaman makoki a harabar ƙungiya ba. Masu zuwa gaisuwa su je gida, kaɗan-kaɗan, kada su daɗe, kada kuma a yi zancen famfo.

Muna roƙon jama'a su sa Malam Ajuma mai walda cikin addu'a, mai ba mu shaida ɗaya da ya rage a kotu, wanda aka kira domin 'yan tambayoyi ranar jana'iza, har yanzu iyalinsa na jiran dawowarsa.

Lawali Hamani
Kakakin Ƙungiya, Gaya