Shuɗi da Ruwan Ƙasa

Rano.

Zuwa ga Yaya Dalhatu, Fassi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Baba da matarka Anti Jumai kuna lafiya. Tunda wayarka ta zaɓi zaman rijiya, dole na koma takarda, ga ta nan a hannun Sagiru direba.

A cikin ledar da na haɗo da ita akwai abin shaƙa guda biyu na asmar Baba, ɗaya shuɗi ɗaya ruwan ƙasa. Don Allah ka natsu, kar ka yi min karatun nan naka na tsallake layi. A ɗakin magani na asibitin da nake koyon aiki, a kanta ɗaya ake jera su, saboda ciwo ɗaya suke wa magani, amma aikinsu a jiki daban ne. Ruwan ƙasan a hankali yake kwantar da kumburin hanyar numfashi, safe da yamma ake shaƙarsa ko da mutum lafiya lau yake. Shuɗin shi ne na gaggawa, in ƙirji ya toshe shi ke buɗe hanya nan take. Ya zauna a aljihun Baba, balle ga sussukar dawa ta ƙarato. Na san shi, ko ɗaure shi aka yi sai ya je ya shaƙi ƙaiƙayi.

A gaida kowa. Ƙanwarka, Firdausi.

Fassi.

Zuwa ga ƙanwata Firdausi.

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. Na karanta wa Baba takardarki ba tare da na tsallake komai ba. Ya yi dariya, ya ce tun ba ki zama likita ba kin fara mulki. Jikinsa da sauƙi ƙwarai, har liman ya ce an daina jin kukan ƙirjinsa a sahu.

Dawa ta yi kyau bana. Malam Manu na rugar bayan gari ya kawo shanunsa gonarmu cin kara kamar yadda aka saba, ya zo da 'yarsa Sadiya, ita ma ashe ciwon Baba gare ta. Baba ya ga yadda take jan numfashi, sai ya ba shi ɗaya daga cikin biyun. Ya ce duk maganin asma ne, kuma ba zai ajiye biyu ba alhali 'yar maƙwabcinsa ba ta da ko ɗaya.

Allah ya ba da sa'ar karatu. Yayanki, Dalhatu.

Rano.

Yaya, sallama da gaisuwa.

Wanne ya bayar? Ba ka faɗa ba, kuma tun da na karanta hankalina ya ƙi kwanciya. Na gwada lambar maƙwabta ta ƙi shiga. Ga wani shuɗin na samo, amma Sagiru ya ce sai ranar kasuwa zai shigo wajenku. Kafin nan kar Baba ya taka masussuka, ko zai yi fushi da kai. Ina jin tsoro, Yaya.

Firdausi.

Fassi.

Zuwa ga ƙanwata Firdausi.

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

A zaman makoki kin tambaye ni yadda abin ya faru, gida cike da mutane, na kasa magana. Ranar muna sussuka, Baba ya zo ya zauna a gindin ɗorawa yana yi wa samari tsiya wai hannunsu ba ƙwari. Iska ta juyo da ƙaiƙayi kansa. Ya fara tari, sannan maganar ta ɗauke. Na laluba aljihunsa, ruwan ƙasan na samu. Na yi ta fesa masa, yana shaƙa yana kallona, ba abin da ya canza. Muka ɗora shi a mashin, ina riƙe da shi ta baya. Ba mu kai asibitin Kibiya ba na ji nauyinsa ya sake a ƙirjina.

Ledarki kuwa Sagiru ya miƙo min ita muna dawowa daga maƙabarta.

Jiya Malam Manu ya zo ta'aziyya da ƙwaryar nono. Yana hawaye ya ce wata rana Sadiya ta shiɗe a wajen kiwo, abin shaƙar da Baba ya ba su ne ya dawo mata da numfashi. Ya ce da Baba zai ba shi, sai da ya juya su a hannu ya ce, "Ungo shuɗin, Manu. Shi ne mai aiki, na gwada." Bai san rashin shuɗin nan ne ya yi sanadin Baba ba. Jumai ta ce a faɗa masa. Ni na rasa abin yi, kuma raina yana ƙuna.

Yayanki, Dalhatu.

Rano.

Yaya, wa alaikumus salam.

Na yi kuka har na gaji. Ashe Baba ya saurari takardata sarai, ya san wanda ya fi.

Kar a faɗa wa Malam Manu komai. Ƙila na hannunsu ya kusa ƙarewa yanzu, ka kai masa sabon da ke cikin ledar, ka ce ya kawo Sadiya Rano a duba ta. In ya tambayi daga ina, ka ce na Baba ne.

Allah ya haɗa mu da shi a Aljanna. Ƙanwarka, Firdausi.