Fedar Hagu

Laraba da dare, Parakou

Na jima ban ji kunya irin ta yau ba.

Mu uku ne za mu yi tarayya a na'urar auna ƙarfin taka keke: ni, da ɗana Bashir, da ƙanena Sani na Djougou. Ni na ɗauki nauyin zaɓe, a matsayina na babba. Na ƙi wadda ake kafewa a keke ɗaya, na zaɓi ta feda, domin ana kwance ta a ɗaura wa wani. Mai shago ya faɗa mini ƙarara cewa ƙafar hagu kaɗai take aunawa, sai ta ninka lambar ta zama ta ƙafa biyu. Na ce ba laifi.

Ƙafar hagun Sani ce babur ya karya bara a bakin kasuwar Arzeke. Ni na yi jinyarsa, amma na manta.

Yau ya zo da kekensa yana murna, domin iyalinsa sun yarda ya koma bin mu doguwar hanya in na'urar ta nuna ƙarfinsa ya dawo. Na ɗaura masa fedar, ya taka har rigarsa ta jiƙe. Lambar da ta fito ƙarama ce ƙwarai. Bashir ya kau da kai.

Sani ya yi dariya, ya ce, "Yaya, gurguwar ka tambaya. Ita lafiyayyar ba ta da baki ne?"

Gobe zan canzo mai auna ƙafa biyu. Amma Sani ya riga ya ɗora kekensa a mota, bai ko tsaya cin tuwo ba.