Na ɓoye wa ƙanena abin da likita ta rubuta a kansa

Hajiya mai shafi, salama gare ki da duk masu karatu, da fatan an yi kaka lafiya. Ki ɓoye sunana da lambata. Kafin in fara, ina roƙon masu saurin yanke hukunci su riƙe bakinsu har su kai ƙarshe, don na san halin wasunku, mutum bai gama magana ba kun fara rabon wuta da aljanna. Shawara na zo nema. Wa'azi kuwa ina jin sa duk Lahadi, ya ishe ni.

Ni mace ce, shekarata arba'in ba ɗaya, ina aure a Funtua, ɗinki nake yi. Gidanmu yana wani ƙauye a gefen Ƙarfi, mu Kirista ne, manoma. Ina da ƙane, bari in kira shi Ayuba ko da yake ba sunansa ke nan ba, shekararsa talatin da ɗaya. Tun yana ƙarami kowa ya san Ayuba ba kamar sauran yara ba ne. Bai yi magana ba sai da ya shekara huɗu. Ba ya kallon mutum a ido. In aka tada injin niƙa, ko aka fara kiɗa a majami'a, sai ya toshe kunnuwa ya yi ta rangaji gaba da baya. Kuma bakinsa ba linzami. Ya taɓa gaya wa wani dattijon majami'a a gaban jama'a cewa ragwanci ne ya kashe masa gona, ba maƙiya ba. Sunan da ƙauye ya laƙaba masa shi ne Gaula, kuma da shi yake amsawa har yau.

To wa aka ɗora wa wannan kaya? Ni ce. Ina aji biyu na sakandare Baba ya cire ni, wai Mama ba za ta iya da gona da Ayuba ba. Ni ce mai raka shi makaranta, ni ce mai dambe da yaran da ke jifansa, ni ce mai bin gidaje ina ba da haƙuri duk ranar da ya ɓaro magana. Shi da aka cire ni dominsa ya gama sakandare, ni ko aji uku ban leƙa ba. Saurayina na farko, har an kai gaisuwa, danginsa suka janye wai akwai taɓin hankali a jininmu. Wa ya ce min sannu? Wa ya taɓa zaunar da ni ya ce, ke me kike so a rayuwarki? Babu. Ku riƙe wannan a ranku kafin ku fara zagina.

Bara, bayan an gama girbi, sai ga Ayuba a shagona, abin da bai saba ba don ya tsani hayaniyar Funtua. Ya tsaya bakin ƙofa yana kallon keken ɗinki, ya ce, "Yaya, ina so in san ko ni mene ne." Ashe ya daɗe yana karance-karance a waya a kan mutane irinsa, har ya samo wata likitar halayyar ɗan Adam a Zariya, ta ce in zai zo ya taho da wanda ya san ƙuruciyarsa. Na ce, "Kai ba ka san ko kai mene ne ba? Je ka tambayi ƙauye mana." Ya ce, "Ƙauye sun faɗa. Ina so in ji daga wanda ya karanta abin."

Na bi shi, kuma gaskiya da murnata na tafi, don na ɗauka yau zan sauke abin da ke cina shekara da shekaru. Na jera wa matar nan komai, toshe kunne, rangaji, baƙar magana, abin kunyar da ya ja mana wurin biki da wurin makoki. Ta saurara tana rubutu, ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ajiye biro ta ce, "To Yaya, na ji abin da ke ba shi wuya. Yanzu ki gaya min abin da ya iya."

Na ce, "Ya iya ba mutane wahala."

Ta ce, "Ban da wannan."

Raina ya tafasa. Wai ni za a yi wa tambayar makaranta? Sai ta ce, "Ya ce min ku manoma ne. Wa ke zaɓar muku iri?" Tun rasuwar Baba kuwa, Ayuba ne ke zaɓa. Shi ba ya jira a karye masara a tara sannan a tsinci manyan goyo kamar yadda kowa ke yi. Tun tana tsaye yake bin kunya-kunya, yana duba ganye da kara, wadda ta yi masa sai ya ɗaura mata tsumma. Irin kowace shekara yana da gwangwaninsa, da toka a ciki don ƙwari. Yana ganin tsutsa ta shiga gona tun kafin kowa ya ankara. Mutanen da ke kiransa Gaula a dandali su ne ke zagayowa wurin Mama roƙon iri. Duk na san wannan, amma ban taɓa lissafa shi a cikin iyawa ba, na ɗauke shi wani reshe na ciwonsa. Na faɗa mata a taƙaice, kamar ana zare min haƙori.

Sau uku ya je wurinta, ta yi masa tambayoyi da gwaje-gwaje. Da lokacin karɓar sakamako ya yi, ya ce ba zai iya sake shiga motar Zariya ba, rediyon direba da matsin mutane suna sa shi kwana biyu bai dawo daidai ba. Ya rubuta cewa ya yarda a ba ni. Lambata ce ma a wurinta, don shi ba ya ɗaukar kira. Matar ta miƙo min ambulan a liƙe, ta ce ta rubuta da Turanci ta kuma rubuta da Hausa don a karanta wa Mama, ta ce, "Ki ba shi ya karanta a natse, sannan mu yi magana da shi." Na ce to. Mota ba ta bar tasha ba na yage ambulan.

Shafi huɗu ne. Ta kira abin da sunansa, otizim, ta ce ba hauka ba ne, ba iska ba ce, haka ƙwaƙwalwarsa take aiki tun haihuwa. Abin da ke ba shi wuya ta gama shi a rabin shafi. Sauran duk abin da ya iya ne. Wai yana lura da abin da idon wasu ke tsallakewa, wai abin da ya gani sau ɗaya ya zauna, wai yana iya zama kan aiki ɗaya har ya ga ƙarshensa, wai gaskiyar nan tasa da ke ja mana faɗa ita ce za ta sa a amince masa da amana. Ta ce a nema masa aikin duba shuka da iri, a riƙa gaya masa abu ɗaya bayan ɗaya, a daina tilasta masa shiga kasuwa. Sannan ta rubuta cewa rangajin nan da toshe kunne, da su yake kwantar da hankalinsa, kada a hana shi. Ni kuwa na sha ɗaure masa hannuwa da ɗankwali a kan wannan rangajin, na sha zabga masa muciya yana ɗan shekara bakwai, ina cewa gyara shi nake yi.

Ya kamata in yi kuka, ko ba haka ba? Ya kamata in gode wa Allah. To ban yi ba. Kafin mu kai Giwa na tsani matar nan, na tsani takardarta, na tsani Ayuba. Shafi huɗu a kan Gaula. Ni fa? Ni da na ba da karatuna, na ba da ƙuruciyata, wa zai rubuta ko layi biyu a kan abin da na iya? Ashe shi ne mai baiwa, ni ce muguwar da ta doki mai baiwa? Wata da ta zauna da shi sau uku a ofis mai fanka ita ce za ta gaya min wane ne ƙanena? Hassada ce, na sani, ba sai kun faɗa min sunanta ba.

Na same shi a ƙofar gida yana jirana. Ya ce, "Yaya, ina takardar?"

Na ce, "Ba ta ba da takarda ba. Ta ce ba sai an rubuta ba."

"Me ta ce?"

"Ta ce kanka ba daidai yake ba, kuma ba ya gyaruwa. Ta ce kada a bar maka wani aiki kai kaɗai."

Ya ce, "Haka ta ce?" Na ce haka ta ce, kuma kada ka dame ta da kira, tana da marasa lafiya na gaske. Ya ce, "To." Ya shige ɗakinsa. Sau biyu matar ta kira ni tana tambayarsa, na ce ya karanta, yana godiya. Takardar tana Funtua, a ƙasan akwatin zannuwana.

Na ɗauka abin zai tsaya nan, mu koma yadda muke. Ina. Da damina ta faɗi wani malamin gona da ya taɓa ganin masararmu ya zo har gida, ya ce ƙungiyar manoma ta wajen Malumfashi tana neman wanda zai riƙa zagaya gonaki yana duba tsutsa da iri, kuma Ayuba yake so. Aikin da takarda ta faɗa, shi ne ya zo da ƙafarsa. Ayuba ya ce masa, "Likita ta ce kada a bar min aiki." Mutumin ya tafi yana mamaki. Bana ko tsumma ɗaya bai ɗaura a gona ba. Mama ce ta tsinci iri da idonta da ba ya gani sosai. In ya ji rangaji zai zo masa, sai ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinya yana zufa. Ina gani, kuma maimakon tausayi sai in ji haushinsa, don me zai yarda da magana haka kamar jariri? Don me bai yi min gardama ba?

Ga inda tura ta kai bango. Muna da Kawu, yayan Mama, wanda ya daɗe yana so a kai Ayuba wani gidan addu'a da wani mutum ya buɗe a bayan gari. Ba na Fastonmu ba ne, Fastonmu ma ya sha hana mutane zuwa. Na san wurin. Ana sa wa mutane mari a ƙafa, ana hana su abinci wai azumi, ana dukansu wai iskar ake duka, ga ganga da lasifika tun safe har yamma. Ku tuna mutumin da injin niƙa ke sa shi toshe kunne. Shekara da shekaru Ayuba yana cewa ba za shi ba, ni kuma ina tsaya masa, don duk mugun halina ban yarda wani ya taɓa shi ba. Yanzu da bakinsa ya ce wa Kawu ya yarda, tunda asibiti sun ce ba ya gyaruwa bari a gwada can. Ranar Asabar ɗin nan za a kai shi.

Na je ƙauye na tada rigima, na ce ba inda za shi. Kawu ya dube ni ya ce, "Ke ba ke kika kawo mana maganar likita ba? Ko akwai wata maganar da ba mu ji ba?" Mama ta ce, "Ki bar shi ya nemi lafiya, 'yar nan, ke ma kin sha wahala." Ƙaryar da na yi da bakina ita ce ta ɗaure ni.

Jiya da la'asar na koma gidanmu. Na tarar da shi yana ninke rigunansa ɗaya bayan ɗaya yana sawa a jaka. Na ce, "Ayuba, ba dole ka je ba." Bai ɗago ba. Ya ce, "Yaya, na gaji da zama kaya a kanki. In aka gyara ni kya huta." Na daka masa tsawa, na ce wa ya ce maka na gaji, wa ya aike ka? Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Da wani ne ya kawo min maganar likita, da na daure na koma Zariya na ji da kunnena. Amma ke ce."

Hajiya, ban zo in ce muku na zama mutuniyar kirki ba. Har yanzu in na tuna shafi huɗun nan zuciyata tana zafi, har yanzu ina ganin an ci ƙuruciyata ba a ce min na gode ba. Kuma masu cewa kawai ki faɗi gaskiya, da sauƙi a bakinku. Ba ku san Ayuba ba. Ba zai zage ni ba, ba zai yi kuka ba. Zai karanta, ya duba kwanan watan da ke kan takardar, ya lissafa wata nawa na bar shi a haka, shi ke nan ya shafe ni. Akwai gwaggonmu da ta yi masa ƙarya a kan abin da bai kai wannan ba, shekara goma ke nan bai ƙara amsa gaisuwarta ba. Mama za ta ji, Kawu zai ji, mijina zai ji, zumuntar matan majami'a za su ji. In kuma na yi shiru, ranar Asabar za a sa wa ƙanena mari a ƙafa saboda ciwon da ba shi da shi, kuma zai miƙa ƙafar da kansa don ya yarda da ni.

Yau Laraba. Me zan yi?