Masar Sadakar da Inna Ta Ba Balki

Yaya Hajara,

Ina gaishe ki. Ya jikinki, ya yara, ya zaman Kandi? Mu nan Bagudo sai godiya.

Likita ya ce farfaɗiyar ɗiyata Balki ta gado ce. Ya hana ta tuwo da masa da kayan zaƙi, sai man shanu, ƙwai da kifi. Wata ukku ba ta faɗi ba.

Ran Juma'a aka kawo masar sadaka, Inna ta ce ba a hana yaro sadaka, ta gutsura mata. Da la'asar Balki ta faɗi bakin rijiya. Inna ta rungume ta tana kiran Sani, marigayi ƙanenmu da ciwon nan ya jefa kogi. Har yau Sani take kiran ta.

Ki sa mu addu'a. Gaida maigidanki.

Ƙanwarki, Rabi