Tukunyar Iska Ɗaya, Gado Biyu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Tunda kin daina ɗaga wayata, na ba mai lemon bakin titi wannan takarda ta miƙa miki. Abin kunya ne, asibitinku na kuɗi da namu na gwamnati titi ɗaya ya raba, amma sai da ɗan aike.

Na san kin ji abin da na faɗa a zaman jin ra'ayin jama'a kan harajin da za a ɗora wa asibitocin kuɗi don a tallafi na gwamnati. Ƙungiyarmu ta ma'aikata ce ta tura ni, don ni ke kula da tukwanen iskar oksijin. Na rubuta jawabina tun a gida, na karanta wa matata ta ce ya yi. Amma da wani mai asibiti ya tashi ya ce su ma da kyar suke tsaye, sai na ajiye takardar. Na ce ai maƙwabtanmu har rarar iska suke da ita, shekara da shekaru muna mirgino cikakkun tukwane ta ƙofarsu ta baya, mu mayar da wofi. Ban ambaci sunanki ba. A lokacin gani nake yabo na yi. Sai da na ga mai asibitinku ya sunkuya yana rubutu na gane abin da na yi.

Da safe na tura amalanke kamar kullum, na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar.

Kin san ni da rubuta abin da ya faru kowace rana. Na zauna in rubuta cewa na yi kuskure, hannuna ya ƙi. Na so in rubuta cewa na yi daidai, shi ma ya ƙi. Abin da nake ta juyawa shi ne, da ba ni da ƙanwa a can fa? Numfashin marasa lafiyan ɗaki guda ya rataya a kan cewa uwarmu ɗaya. Haraji ko ba komai haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Kawu yana nan a ɗakin maza, ƙirjin ya matsa masa. Tukunyar da ke kansa ita ce ta ƙarshe daga wajenku. Yana tambayar ki.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Ba ka ambaci sunana ba? Nas nawa ce a asibitin nan take da wa mai mirgina tukwane a tsallaken titi? Ko mai gadi ya gane. An karɓe makullin sito daga hannuna, an mayar da ni wajen awon zafin jiki, aikin da na bari tun ina budurwa. Mai asibiti bai ko ɗaga murya ba. Cewa ya yi tunda za a karɓa ta ƙofar gaba da sunan doka, ba dalilin a ci gaba da bayarwa ta ƙofar baya.

Kai da haƙƙinka. Kana tsammanin daga aljihunsa harajin zai fito? Tun yanzu an fara buga sabon farashi. Ka zo ka ga masu zama a benci a nan. Ba duka masu mota ba ne. Akwai wadda ta sayar da keken ɗinkinta ta zo, don ku kun ce mata injinku ya lalace. Ita za ta biya harajinka. Sannan kuɗin ya tafi ofis, ya kwana, ya huta, ya sha shayi, kafin ya tuna da ku. Tukunyata kuwa titi kawai take tsallakawa.

Ban ce babu gaskiya a maganarka ba. Cewa na yi ba ka san lokacin yin shiru ba, tun muna yara.

A kawo Kawu nan. Ma'aikata suna da rangwame, sauran ni da maigidana za mu ji da shi. Mutumin da ya riƙe mu bayan rasuwar Baba ba zai rasa iska ina raye ba.

Ƙanwarka

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, na gode da kika amsa, ko da faɗa ne.

Na kai wa Kawu saƙonki. Ya cire robar iskar da ke hancinsa ya ce shi tsohon direban bas ne, bai taɓa sauka ya bar fasinja a hanya ba. Fasinjan da yake nufi wani tela ne a gadon kusa da shi, mai irin ciwonsa, wanda ba mai zuwa duba shi sai wata 'yarsa da ke aiki nesa. Kin san yadda muke yi in iska ta yi ƙaranci: mu sa bututu mai baki biyu, tukunya ɗaya ta ciyar da gado biyu. Haka aka haɗa su tun farko. Yanzu Kawu na kiran sa ɗan haya, telan na kiran Kawu mai gida marar tausayi, wai yana zuƙe iskar kafin ta iso gare shi. In suka yi dariya sai tari ya kama su tare, nas ta zo ta yi musu faɗa.

Na ce masa in ya tafi ai telan zai samu tukunyar shi kaɗai. Ya ce kada in raina masa hankali. Ya san don shi ake lallaɓa iska zuwa wannan kusurwa, saboda shi kawun ma'aikaci ne, in ya tashi za a gungura tukunyar ɗakin yara. Ban iya musa masa ba, don gaskiya ya faɗa.

An amince da dokar. Shugaban asibitinmu ya tara mu ya ce motar iska ta farko daga sabon asusun za ta zo ƙarshen wata. An tafa. Ni ma na tafa, ina tunanin allurar agogon tukunyar Kawu da ta kusa kwanciya.

Na yi tunani a kan mai keken ɗinkin nan. Da injinmu na aiki da ba ta zo wajenku ba, kuma ba zai yi aiki ba sai an samo kuɗi daga wani wuri. Wataƙila daga baya abin ya gyaru. Wataƙila kuma ke ce da gaskiya, ni aka zuga na hau.

Ba ni da bakin roƙonki, amma ina roƙo. Tukunya guda ɗaya.

Allah ya bar zumunci.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Direban kamfanin da ke kawo mana iska zai tsaya a bayan ɗakin wankinku ranar Laraba kamar tayarsa ta yi faci. Zai sauke tukunya ɗaya, babba ce. Na sa hannu a madadin wata nas, in aka gano aikina ya ƙare.

Na tambayi likitanmu a fakaice. In mutum ɗaya ne a kanta, a hankali, za ta iya kai shi ƙarshen wata. In biyu ne ba za ta kai ba. Ta Kawu ce shi kaɗai. Kada ka raba ta, Yaya. Kada ka tsaya yin tunani, kada ka tambayi littafinka. Sau ɗaya a rayuwarka ka yi abin da aka ce maka.

Ƙanwarka

Auta,

Assalamu alaikum. Jiya a gida kin zauna cikin mata, ban samu ganin ki ba, kuma na lura ba ki nemi gani na ba. Gara ki ji daga wajena yadda aka yi.

Tukunyar ta iso lafiya. Na haɗa wa Kawu shi kaɗai kamar yadda kika ce, na sa bututu mai baki biyun a aljihuna. Na ja labule tsakanin gadajen. Ana jin numfashin telan ta bayan labulen, kamar ana jan buhu a kan siminti.

Kawu ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya cire robar ya ɗora a ƙirjinsa. Na mayar, ya sake cirewa. Na gaya masa irin kasadar da kika yi. Ya ce ya sani, Allah ya yi miki albarka. Nas ta yi magana, likita ya yi magana. Leɓensa ya fara canja launi. Ya kalle ni ya ce, "Ɗan nan, ko ka haɗa mu, ko ka rufe ta ka huta."

Na haɗa su.

Na rage ƙarfin iskar iya yadda likita ya yarda. Kullum da safe ina zuwa ofishin shugaba in tambayi labarin motar, har sakatarensa ya fara amsa mini kafin in buɗe baki. Na zagaya sauran ɗakuna, ba abin da zan ɗauka ba tare da na cire daga hancin wani ba. Shekaranjiya da la'asar allurar ta kwanta. Muka buɗe tagogi, muka ɗaga musu kai da matasai. Kawu bai daɗe ba. Ina riƙe da hannunsa. Bai yi wata doguwar magana ba, tambaya kawai ya yi ko ɗan hayarsa na nan.

Yana nan. Likita ya ce huhunsa ya fi na Kawu sauran ƙarfi, amma ba zai jima a haka ba. Motar ba ta zo ba, yanzu an ce tsakiyar wata mai kamawa.

Da na bi maganarki, ban sani ba ko Kawu zai bar robar a hancinsa daga baya, in ya ji wuya sosai. Wataƙila zai bari. Ban jira na gani ba, abin da ke hana ni sukuni ke nan.

Tukunyar tana bayan ɗakin wanki, na rufe ta da tsohon bargo. Ki gaya mini yadda za a mayar kafin a neme ta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba mu haƙuri.
Yayanki

Yaya,

Amin. Na karanta.

Ba zan iya ce maka ba komai ba, don da komai. Kada ka zo gidana tukuna.

Direban zai bi ta bayan ɗakin wanki ranar Laraba ya ɗauki wofin. In telan yana numfashi har ranar, ka tsaya a wurin da amalankenka, zai sauke wata.

Ƙanwarka